Wata biyu a ƙarƙashin dogon yaro: yadda muka tayar da Fijon Baba

Cikin goman ƙarshe na azumin 2024 abin ya faru, a makon nan da zafi ya kai inda tsofaffin Adar ma suke cewa sun jima ba su ga irinsa ba. Na taso daga ƙauyenmu da ke bayan Badagishiri da la'asar sakaliya, Inna tana kujerar gaba da carbinta, buhun gero huɗu a baya, niyyarmu mu sha ruwa a gida Tawa. Saura kamar kilomita ashirin sai na ga allurar zafi ta bar wurin da na santa shekara da shekaru, ta nufi ja. Kafin in sami gefen tsayawa wari irin na tukunyar da ruwanta ya ƙone ya cika motar, inji ya soma ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na kashe.

Da ya huce na naɗe hannu da tsumma na kwance murfin radiyate, abin da ƴan Najeriya ke ce wa lagireto. Ruwan da ya rage kaɗan ne, shi ma ja wur kamar na tabki. Na ƙara daga jarka na tayar, sai ga kumfa tana ta ɓulɓulowa ba tsayawa. Na zaro sandar auna mai, maimakon baƙin mai sai na ga abu kamar kunun gyaɗa. Wanda duk ya tashi kusa da mota ya san fassarar wannan: ruwa da mai sun haɗu, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ta ƙone. Inna ba ta ce komai ba sai "Allah ya sa iyakarta ke nan." A bakin hanya muka sha ruwa da dabino da sauran ruwan jarka mai ɗumi. Bayan magariba wani mai kamiyon albasa ya tsaya, ya ɗaure mu da igiya ya jawo mu har cikin gari, ya kuma ƙi karɓar ko dala.

Motar Fijo 504 ce, doguwar nan mai layin kujeru uku da ake kira familiyal. A Faransa aka fara fitar da 504 a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, amma tamu ba ta ƙetaro teku ba. Haɗin Kaduna ce, daga masana'antar Fijo da ta fara aiki a 1975, wadda ta ci gaba da haɗa 504 sama da shekara ashirin bayan Turawa sun bar yayinta. Baba ya saye ta ta hannu a Sakkwato da abin da ya tara a cin rani a Abijan, ƴan watanni kafin a karya darajar sefa a Janairun 1994, kuma har ya bar duniya yana cewa da ya ƙara jinkiri kaɗan da kuɗin nan rabin mota za su saya. Da ita ya yi jigilar fasinja tsakanin Tawa da Ƙonni, jefi-jefi har Yamai. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya riƙe ni a lakwal har na zama malami. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake riƙe masa fitila idan ya shiga ƙarƙashinta da dare. Da aka zo rabon gado ƴan'uwana suka zaɓi gona da bisashe, ni na ce a ƙimanta motar a sa mini a rabona.

Washegari shawarwari suka fara zuwa tun ban karya komai ba. Wani abokin aikina ya zo har gida ya ce, "Mushe, ka sallama ta ga masu tsohon ƙarfe ka huta. Albashinka ta banki yake biyowa, ka je su ba ka bashin shekara huɗu ka sayi Corolla irin ta mutane." Ba da mugun nufi ya faɗa ba, abin da kusan kowa ke yi ne. Motar da ta gama aiki a Turai a sauke ta a bakin teku, a jawo ta zuwa nan, ma'aikaci ya sa hannu a takarda, banki ya riƙa yanke rabonsa tun albashi bai iso ba. A lokacin ma farashi ya ƙara hawa, don iyakarmu da Benin a rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso. Ni kuwa na ga yadda goma ga wata take yi wa abokaina masu irin wannan bashi. Na ga mai mota fes yana bin kanti yana neman a rubuta masa shinkafa. Ban ga laifinsu ba, amma ba zan iya kwana da irin wannan nauyi a ƙirji ba.

Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan zama a zuciyata. Motocin yanzu idan fitila ta kama a gaban direba, sai an kawo kwamfuta an tambaye su abin da ke damunsu. Fijo kuwa abu huɗu take nema: wuta, mai, iska da ruwa. Idan ta mutu a tsakanin Keita da Tawa, na san inda zan fara dubawa, kuma sau tara cikin goma da sukuddireba da filaya da ɗan waya zan iso gida. Mutumin da yake da iyaye a ƙauye, wanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare a ce ga mai naƙuda, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Makaniken da na kai wa dattijo ne da ya haura saba'in, garejinsa inuwar dogon yaro uku ce a bayan tasha da wani ɗan ɗaki na ajiyar kaya. Shi ne mai duba motar tun zamanin Baba, don haka Baba nake ce masa. Ya zaro sandar mai, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya shinshina.

"Ɗana, kak ka sake tada ta. Kowane juyi ta yi da wanga mai, ƙarhe ne ke cin ƙarhe."

"To Baba, mene ne abin yi?"

"Kana da hanƙuri?"

"Ina da shi."

"To kuɗɗi su biyo baya. Wagga mota ba ta son gaggawa. In aikin kwana ukku kake so, ga yara can bakin hanya."

Bayan salla da kwana biyu muka buɗe. Kan inji, wanda makanikanmu ke kira kilas, na alminiyam ne, a zaune bisa gangar baƙin ƙarfe, noti goma ke riƙe da shi. Tsohon ya fara sassauto su daga gefe yana matsowa tsakiya, kaɗan-kaɗan. Da suka fita bai ɗaga kilas sama kai tsaye ba, sai ya riƙa girgiza shi gefe har ya saki. Na tambayi dalili, ya nuna mini da yatsa. Ramukan da fistan ke kai-komo a cikinsu ba a jikin gangar aka huda su ba, kowanne bututu ne mai zaman kansa, shamis ake ce masa, an zura shi a ciki ruwa yana zagaye shi. Idan ka fizgi kilas sama, ko ka juya inji alhali kai a buɗe, shamis zai ɗaga daga mazauninsa, hatimin da ke ƙasansa ya tsage, ruwa ya sami hanyar gangarawa cikin mai. Nan take ya ɗaure su da manyan wasa da noti kafin wani yaro ya taɓa wani abu. A nan ne na gane abin da ya sa injin nan ya daɗe a ƙasashenmu. An ƙera shi ne don a sabunta shi. Idan ciki ya cinye, sai a zare bututun nan huɗu kamar ana zare kofi daga tire, a zura sababbi da fistan ɗinsu, gangar tana nan yadda take.

Shimfiɗar ta ƙone a wajen silinda biyu na baya, baƙi ƙirin, har zoben ƙarfenta ya narke. Ya wanke kilas da kananzir, ya kife shi a kan benci, ya ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kai ya ce in durƙusa in duba ta wajen rana. Haske yana ratsawa ta ƙarƙashin rular a tsakiya, siriri kamar zare. Zafi ya lanƙwasa shi. Sannan ya kama yatsana ya sa a cikin shamis, can sama, na ji wani ɗan tudu da farce ke maƙalewa a kai, iyakar inda zoben fistan ya yi shekaru yana gogawa. Da ma na san tana shan baƙin mai, duk tafiya sai na ƙara. Ya ce tunda an riga an buɗe, a sauke injin baki ɗaya a yi aiki guda. Na yi shiru ina lissafi, sannan na ce a sauke.

Amma kafin a taɓa inji ya ce sai mun san abin da ya kashe shi, in ba haka ba sabon ma haka zai mutu. Laifi uku muka samu, kuma biyu nawa ne. Na farko radiyate. Muka kai wa mai walda, ya narkar da dalma ya cire tankin sama da na ƙasa, ya ɗaga ƙwaryar ya ce in leƙa. Fiye da rabin ƙananan bututun a toshe suke da wani farin abu mai tauri kamar kanwa. Ruwan rijiya ne da na famfo da na yi shekaru ina ɗurawa ba tare da na ƙara maganin tsatsa ba. Da wani siririn ƙarfe ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sokawa, gari yana zubowa, yini guda cur. Na biyu fanka. Fankar 504 ba kullum take juyawa da ƙarfi ba, tana da maganaɗisu da ke kama ta idan ruwa ya yi zafi, to ɗan gawayin da ke kai masa wuta ya cinye ban lura ba. Tsohon ya ce a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40 ba a wasa da wannan, ya ɗaure ta ta riƙa juyawa koyaushe. Na uku tarmosta, ɗan murfin nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Babu shi sam. Wani makanike ya cire shi shekarun baya a wata tafiya, ya ce mini a ƙasar zafi ba shi da amfani, ni kuma na yarda. Mutane da yawa sun yarda da wannan magana, kuma kuskure ne. Da sanyin hunturu inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, isansi, wato fetur, yana wanke mai daga jikin shamis, ciki yana ta cinyewa a hankali.

Neman kaya ya fi aikin kansa wuya. A Tawa na sami buji da belin fanka da tiyo. Na buga wa wani ɗan'uwa a Yamai ya zagaya wajen masu tsofaffin kayan mota da kasuwar Katako, ya samo fanfon ruwa da tarmosta, amma shamis da fistan sababbi babu. Sa'ar da na ci ita ce an buɗe iyakar Najeriya a watan Maris na shekarar, bayan ta yi watanni a rufe. Na sa kilas a buhu, na hau motar haya ta Tsarnawa zuwa Ƙonni, na ƙetara Illela, na wuce Sakkwato.

A can na gane cewa mota ɗaya ce amma baki biyu take da shi. Na ce ina son sagma, mai shago ya tsaya yana kallona, sai da na zana zobe a iska ya ce, "Au, ringi!" Buji a wurinsu fulogi ne, karbirate kafireto, shimfiɗar kilas kuwa gasket. Dukanmu Hausa muke yi, amma Faransa da Ingila sun raba mana sunayen ƙarfe. Shagon farko na sayi shimfiɗa a cikin kwali mai hoton zaki, na fito ina murna. Da na zauna a inuwa na ɗora ta a kan tsohuwar da Baba makanike ya ce lalle in tafi da ita, sai na ga ramukan ruwa biyu ba su hau daidai ba, zoben ƙarfen kuma sakwaf yake, da farce ma ana ɗaga shi. Na koma, mai shagon ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don kuɗin kaɗai ba. Na tuna cewa wani zai saya bai gwada ba, ya ɗaura, ta ƙone masa a daji da iyalinsa a ciki.

Wani mai shayi ne ya yi mini kwatancen wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo da ya tsufa a sayar da kayan Fijo. Shagonsa ƙarami, duhu, ƙura ta rufe kwalaye. Na ce injin lita biyu, mai faɗin milimita 88. Ya hau tsani ya sauko da wani kwali da gefensa ya yi laushi don daɗewa. A ciki shamis huɗu, kowanne da fistan ɗinsa a ciki, a naɗe cikin takarda mai maiƙo, ƙamshin giris ɗin ma na da ne. Ya ce kada in kuskura in musanya su, kowane fistan da bututun da aka auna shi da shi. Ya haɗa mini da zobba, da kusine, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, da sarƙar inji, da shimfiɗa mai nauyi a hannu, da wasu siraran zobban takarda masu kauri daban-daban na ƙasan shamis. Da ya ji daga Tawa nake kuma motar ta mahaifina ce, ya rage mini wani abu ba tare da na roƙa ba. Daga nan na kai kilas wurin masu injin fiƙe ƙarfe. Ina tsaye dutse yana bi ta kansa, wurin da ya taɓa yana fitowa fari tas, tsakiya tana nan baƙa, sai a bi na uku fuskar ta zama ɗaya. Mai aikin ya ce an taɓa fiƙe shi a baya, wannan shi ne na ƙarshe, in ya sake lanƙwashewa sai dai a nemi wani.

Haɗawa ba a inuwar dogon yaro aka yi ta ba. Tsohon ya sa aka share ɗakin ajiya, aka yayyafa ruwa a ƙasa, aka rataya tabarma a ƙofa. Ya ce babban abokin gabar sabon inji a Adar ƙura ce, ƙwayar rairayi ɗaya a kan kusine ta isa. Bayan asuba muke farawa, kafin iska ta taso, idan rana ta ɗaga a lulluɓe komai da tsohon zane. Ni ina zuwa kafin lakwal da ranakun hutu, aikina wanki da miƙo kaya.

Kwana biyu ya yi a kan shamis kaɗai. Dole bakin kowanne ya ɗara fuskar gangar da ɗan abin da bai kai kaurin takarda ba, kuma huɗun su zo daidai da juna, don shi ne abin da shimfiɗa za ta cije. Ya zura, ya ɗora rula, ya auna da siraran ƙarafan awo, ya zare, ya canja zoben takarda, ya sake zurawa. Idonsa ya yi rauni, don haka ni ke karanta masa lambar da ke jikin ƙarfen awo, shi kuma yana ji da hannu. Da ya zo sa zobba a fistan ya karkatar da bakin kowanne zuwa wani gefe dabam, don kada su yi layi iska ta sami hanya. Kowane abu sai ya shafa masa mai da yatsa yana bisimilla. Ranar ɗaure kilas ya aika aka aro masa sifana mai awon ƙarfi daga wani gareji, ya ce hannunsa ya sani amma ba zai yi caca da kayan marayu ba. Daga tsakiya ya fara yana zagayawa waje. Sannan ya daidaita tazarar bawul, milimita 0.10 na shigar iska, 0.25 na fitar hayaƙi, inji da sanyi, ya buɗe bakin kwantak na cikin delko, mai raba wa buji wuta, milimita 0.40. Duk na rubuta su a littafin da Baba ya bari a aljihun mota, ƙarƙashin rubutunsa na ajami inda yake lissafin juyen mai.

Kuɗi kuwa sun ci. Da kaya da tafiya da ladan aiki abin ya haura jaka ɗari huɗu. Na sayar da ragon da nake turke da shi don layya, na haɗa da ɗan abin da na ajiye, ya rage saura. Maiɗakina ce ta cike da kwasar adashinta. Ba ta ɓoye mini ra'ayinta ba. Ta ce, "Malam, ni ma ina son in shiga mota mai sanyi wata rana, in je biki ban jiƙe da gumi ba. Amma na fi son ranar albashi ka shigo gida da shi cikakke." Na san abin da take haƙuri da shi. An taɓa yin ɗaurin aure a danginta aka roƙe ni in ajiye motar a bayan layi don masu ɗaukar hoto. Na ajiye, ban ce komai ba, amma ita abin ya tsaya mata a rai.

Ranar tayarwa yaran gareji duka suka taru. Aka ɗura mai lita huɗu, aka cika ruwa, aka ɗiga isansi a bakin karbirate. Na murɗa makulli. Ta juya, ta juya, sai wata ƙara tau kamar bindiga, wuta ta yi tsalle daga karbirate. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, wata biyu sun tafi a banza. Tsohon bai ko motsa ba. Ya bi wayoyin buji da ido, ya kira yaron da ya jera su.

"Daga ina ka hwara ƙirga?"

"Daga gaba, Baba, wajen radiyate."

"Wannan Toyota ce? Ga Fijo lamba ɗaya tana baya, wajen giya. Ɗaya, ukku, huɗu, biyu. Sake."

Yaron ya sake jerawa hannunsa yana rawa. Na murɗa, ko juyi biyu ba ta yi ba ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe na ɗan lokaci sannan ya washe, ƙarar ta kwanta ta zama irin wadda nake ji daga cikin ɗaki ina yaro idan Baba zai fita da asuba. Tsohon ya ɗora tsinin sukuddireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya daɗe yana saurare. Da ya ɗago ya ce, "Alhamdu lillahi." Ni kam sai da na zagaya bayan ɗakin na share idona.

Bai bar ni na tafi haka ba sai da sharuɗɗan rodaj, wato lallaɓa sabon inji har ya zauna. Kada in wuce kilomita 80 a awa, kada in ɗora mata kaya, kada in bar ta tana nishi a babbar giya, a kilomita 500 in juye mai, a 1000 in dawo da ita da sanyin safiya a sake ɗaure kilas a sake auna bawul. Mai na farko da na juye ya fito da ɗan ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa, ya ce haka ake so, zobba ne suke neman wurin zama. Damina ta sauka ina cikin wannan, na kafa baho a ƙarƙashin indararo, na bar ruwan farko ya wanke rufi, na tara na bayansa a jarkoki na tace, shi nake haɗawa da maganin radiyate yanzu. Isansi kuma na daina sayen na kwalba a bakin hanya sai dole. Da can ruwa-ruwa da ake shigowa da shi daga Najeriya ya fi araha nesa ba kusa ba, amma tun da aka cire tallafi a can a watan Mayun 2023 ribar ta ragu, ga datti da yake toshe karbirate. Na gidan mai daga matatar SORAZ ta Damagaram yake zuwa, wadda ta fara aiki a 2011, kuma a Yulin 2024 aka sauko da lita daga sefa 540 zuwa 499. Wannan ragin ya yi mini daɗi, don Fijo tana sha, ba zan ɓoye ba. Ta fi Corolla sha, ba ta da na'urar sanyi, ba ta da jakar iskar nan da ke kare mutum a haɗari. Saboda haka ba na tafiyar dare a babbar hanya in ba lalura ba, ba na kuma gudu.

Duk Asabar bayan asuba ni da babban ɗana muke buɗe ta. Shi ke duba mai da ruwan birki da ruwan batir, ni ina bin tiyo da hannu ina neman inda ya yi laushi. Mu cire matatar iska mu kakkaɓe, mu shiga ƙasa mu duba ko akwai ɗigo. Yanzu da kunne yake gane bujin da ba ya ci. A unguwa kuwa ba a daina buga ƙofa ba. A cikin daminar nan kaɗai ta kai mai naƙuda asibiti sau biyu, ta kai gawar maƙwabci ƙauyensu ta hanyar da ruwa ya cinye, inda ƙananan motoci suka tsaya a bakin kwazazzabo. Idan aka kwantar da kujerun baya, mutum yana miƙewa sosai a ciki.

Da na koma a kilomita dubu, tsohon ya sa ɗana ne ya riƙe sifana, shi yana tsaye a kansa yana nuna masa noti na gaba. Da aka gama ya ce mu zagaya gari ya ji ta. Muna sauka daga giya ta uku zuwa ta biyu ta ɗan yi ƙurrr, abin da na daɗe ina ji ina kawar da kai. Ya dube ni ya ce zoben tagulla ne na cikin akwatin giya ya cinye, ba na gaggawa ba ne, in riƙa taka kuloci sau biyu kafin in sa. Akwai wata 504 da ta yi shekaru a kwance a wani gida a Madawa, ya san mai ita, akwatin giyarta lafiya lau. Ya ce in bari a yi girbi kuɗi su shigo hannun mutane, sannan mu je tare mu yi ciniki. Na riga na fara ware jaka goma duk wata a cikin littafin Baba.